Gwiwar yaro ta kumbura ta ƙi sacewa: abin da ya kamata iyaye su sani

Mutanen Tibiri sun riga kowa a ƙasar Maraɗi sanin abin da ke faruwa idan yara suka daɗe suna kukan ƙafa ba a gano dalili ba. Wajajen 1985 garin ya fara shan ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatsi mai zurfi. Yaran da suka taso a kan ruwan nan sai haƙoransu suka riƙa dafewa, ƙafafunsu suna lanƙwashewa, wani gwame wani baka, wasu har tafiya ta gagare su saboda ciwon ƙashi da gaɓɓai. Sai da aka shafe shekaru fiye da goma kafin a tabbatar ruwan ne: sinadarin fulorayid da ke cikinsa ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, wato miligiram 1.5 a lita ɗaya, har sau uku ko fiye. An ƙidaya yara sama da 400 da ƙasusuwansu suka lalace, kuma a 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, tare da ta duniya, FIDH, suka fitar da rahoto a kan lamarin. Waɗancan yara yau manya ne, da yawansu kuma da nakasarsu suke rayuwa.

Abin da ya sa na fara da Tibiri shi ne, a ciwon ƙashi da gaɓɓan yaro jinkiri ke nakasawa. Cutar da zan yi bayani a kanta ba daga ruwa take zuwa ba, kuma ba ta kama gari guda balle a yi kururuwa hukuma ta ji. Ɗaiɗai take ɗauka: yaro ɗaya a wani lungu na unguwar Zariya ta Maraɗi, yarinya ɗaya a Jiratawa, kowanne iyayensa na zaton su kaɗai abin ya samu. Ita ce amosanin gaɓɓai na yara.

Da an ambaci amosanin gaɓɓai, tsohuwa da sandarta ke zuwa wa mutane a rai. Amma na tsofaffi daban, na yara daban. Na tsufa goguwar ƙashi ne bayan shekaru da aiki. Na yara kuwa rikicewar garkuwar jiki ce. A duk inda ƙashi biyu suka haɗu akwai guringuntsi da ya lulluɓe bakinsu, akwai kuma wani siririn tantani da ke kewaye da gaɓar yana fitar da ruwa mai santsi don kada ƙashi ya ci ƙashi. Sojojin jiki, waɗanda aikinsu yaƙar ƙwayoyin cuta ne, sai su far wa wannan tantani, kamar mai gadin da ya juya sandarsa a kan masu gida. Tantanin ya kumbura ya yi kauri, ruwa ya taru, gaɓar ta ɗumama. Idan aka bar abin watanni da shekaru, kumburin na cinye guringuntsi ya kai ga ƙashi, kuma guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa. Likitoci na kiran ciwo da wannan suna ne idan ya fara kafin yaro ya cika shekara 16, ya yi aƙalla mako shida, aka kuma bincika ba a sami wata cuta da ta haddasa shi ba. Wani likitan yara na Ingila, George Frederic Still, ya rubuta bayaninta tun 1897 daga yaran da ya gani a Landan.

Har yau masana ba su kama takamaiman abin da ke tayar da ita ba, amma sun kore abubuwa da dama. Wanka da ruwan sanyi ba ya kawo ta, kwanan ƙasa ba ya kawo ta, ba wani abinci da uwa ta ci da ciki da ya jawo ta. Ba ta yaɗuwa, don haka ba dalilin ware wa yaro kwano ko shimfiɗa, kuma da wuya a sami yara biyu masu ita a ɗaki ɗaya. Gaskiya ne hunturu na ƙara wa mai ita ƙagewa da safe, shi ya sa kaka ke cewa "sanyi ne ya shige shi, a gasa masa." Gashin na sa ya ji dama, ban ce a bari ba. Sai dai kumburin da ke ciki na nan yana aikinsa.

A ƙasashen Turai da Amurka, inda ake ƙidaya irin wannan, ana samun kimanin yaro ɗaya a cikin dubu. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maraɗi mutum miliyan 3.4, kuma kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ko da rabin wancan lissafi na Turai aka ɗora a kanmu, yara ɗaruruwa ake magana. Ina suke? Suna cikin gidaje, ana ce musu masu sanyin ƙashi, ko ragwaye, ko waɗanda suka taka wani abu.

Yadda ake gane ta

Safiya ce ke tona ta. Yaro ya tashi daga barci gaɓarsa a ƙage, yana ɗingishi, yana dafa bango, sai rana ta ɗaga ya saki jiki ya shiga wasa kamar ba shi ba. Wannan sauyi ne ke sa manya su ce ƙarya yake, lakwal ce ba ya son zuwa. Ciwon targaɗe da na gajiya da motsi suke ƙaruwa, hutu ya rage su. Wannan kuwa zama da kwanciya ne ke ƙara shi, motsi ya sassauta shi. Duk uwar da ta riƙe wannan bambanci ta riƙe rabin ilimin cutar.

Wani abin da ke ruɗa iyaye shi ne, ƙananan yara ba su cika cewa "zafi nake ji" ba. Dabara suke sauyawa. Yarinya ƴar shekara biyu da ta fara gudu sai ta koma rarrafe, ko ta nace sai an goya ta. Yaro ya daina tsuguno, ya riƙa miƙe ƙafa ɗaya idan zai zauna, ko ya sauya hannun da yake ɗaukar kofi da shi. Ku jera gwiwoyin biyu ku duba: ɗaya ta fi ɗaya cika? Ku ɗora bayan hannu: ɗaya ta fi ɗumi? Ku kwantar da shi rigingine a tabarma: duka biyun na miƙewa har bayan gwiwa ya taɓa ƙasa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma abin da uwa ta gani da asuba likita ba zai gan shi da hantsi ba.

Cutar ba fuska ɗaya gare ta ba. Akwai mai kama gaɓa huɗu ko ƙasa da haka, galibi gwiwa ko idon sawu, ta fi kuma son ƴan mata ƙanana masu shekara biyu zuwa huɗu. Akwai mai kama biyar zuwa sama, har da yatsu da wuyan hannu da wuya da muƙamuƙi, sau da yawa dama da hagu lokaci guda. Rahotannin asibitocin Afirka kudu da Sahara sun nuna wannan ce aka fi kai musu. Akwai wadda ta fi kama yara maza da suka haura shekara shida, da ciwon diddige da kwankwaso.

Wadda ta fi ba ni tsoro a ƙasarmu ita ce mai zuwa da masassara. Zafin jiki ya hau sama sau ɗaya ko biyu a yini, galibi da yamma, sannan ya sauka yaro ya warware, gobe ya dawo, haka har mako biyu ko fiye. Kaluluwa ta fito, hanta da saifa su kumbura, jini ya ragu. Akwai wasu ƙananan tabo ja-ja da ke fitowa tare da zafin su ɓace tare da shi, amma a baƙar fata ganinsu sai an ƙura ido, a cinya da ƙirji da hammata. Kumburin gaɓa na iya jinkirin makonni ko watanni kafin ya bayyana. To a garin da damina ke cika asibiti da masu zazzaɓin cizon sauro, wa zai yi tunanin wani abu daban? Sai a ba da maganin zazzaɓi, a sake, a koma na taifot, a sake. Yaron da aka yi wa maganin zazzaɓi cikakke, masassara ba ta bar shi ba, kuma kullum a lokaci ɗaya take zuwa, ya kamata a tsaya a sake tunani a kansa. Irin wannan na iya rikiɗewa ya zama na rai da mutuwa: zafin ya daina sauka, yaro ya galabaice, jini ya riƙa fita ta dasashi ko hanci. Wannan asibiti ne a daren.

Sai ido. Wannan ne abin da kusan ba wanda ke faɗa wa iyaye. Kumburin nan na iya shiga cikin ƙwayar ido ba tare da ido ya yi ja ba, ba zafi, ba hawaye, ba kwantsa. Yaro ba zai yi ƙorafi ba har sai gani ya fara raguwa, a lokacin kuwa yanar ido ko hawan jinin ido sun riga sun shiga. Waɗanda suka fi haɗari su ne ƙananan ƴan matan nan masu gwiwa ɗaya tak, waɗanda ake ganin nasu da sauƙi. Ba a ganin kumburin da tocila, sai da na'urar likitan ido mai siririn haske. Da zarar an ce yaro na da wannan cuta, a kai shi a duba ido cikin ƴan makonni, masu haɗari kuma duk wata uku, ko da gwiwa ta lafa. A Maraɗi akwai asibitin ido na Makka, akwai masu duba ido a manyan asibitocin gwamnati, ba sai an je Yamai ba. Idan aka gano da wuri, maganin ɗigawa galibi na kwantar da shi.

Masu kama da ita da ba sa jira

Kada mako shidan da na ambata ya sa wani ya zauna yana ƙirga kwanaki. Ma'aunin likita ne na sa wa cuta suna, ba wa'adin zaman gida ba ne. Akwai cututtukan da ke kumbura gaɓar yaro waɗanda ko kwana biyu ba sa bayarwa.

Gaba da kowa ita ce mugunya a cikin gaɓa. Ƙwayar cuta ta bi jini ta sauka a gwiwa ko ƙugu, cikin yini ɗaya gaɓa ta yi zafi rau, jiki ya yi zafi, yaro ya ƙi yarda ko taɓa ƙafar a yi, balle ya taka. Mugunya na narkar da guringuntsi cikin kwanaki kaɗan. Sai an zuƙe ta ko an buɗe an wanke, an sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Wannan ba ta maɗori ba ce, ba ta sakiya ba ce.

Akwai amosanin jini, wato sikila, wanda ya yawaita a cikinmu. Jariri ɗan wata shida zuwa shekara biyu da bayan hannayensa da ƙafafunsa suka kumbura yana tsala kuka, sikila za a fara nema. Ciwonta na tasowa da ƙarfi ya yi kwanaki ya lafa, a ƙashi yake ba a gaɓa kaɗai ba. Gwajin jini na raba gardama.

Akwai wadda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro, a yara masu shekara 5 zuwa 15. Yaro ya yi ciwon wuya, wataƙila an kai shi wurin wanzami an cire belu an manta, bayan mako biyu ko uku sai gwiwa ta kumbura, jibi ta sace idon sawu ya ɗauka, gata gwiwar hannu. Kumburi mai yawo ke nan. Gaɓɓan na warkewa sarai, amma marufan zuciya ne ke lalacewa a ɓoye, sai yarinya ta girma ta yi ciki a ga numfashi ya gagara. Allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru, ita ke tsare zuciyar. A 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri musamman a kan wannan cuta saboda yadda take cin yaran talakawa.

Tarin fuka ma na sauka a ƙugu ko gwiwa ko ƙashin baya, a hankali, tare da rama, kuma maganinsa kyauta ne. Sankarar jini na fara wa wasu yara da ciwon ƙashi mai tashin su cikin dare, da ɗashewa, da kasala. Shi kuwa ciwon ƙafa na yamma da yara masu tasowa ke yi, ƙafa biyu, ba kumburi, a matsa musu su yi barci su tashi garau, wannan ba abin damuwa ba ne.

Jera waɗannan ba don uwa ta zama likita ba ne. Don a ga cewa gaɓa mai kumburi na da dalilai da yawa, maganin ɗaya kuma na iya zama gubar ɗaya.

A asibiti da wurin sayen magani

Hanya ita ce a fara da cibiyar lafiya ta unguwa, wato CSI, a nemi takardar turawa zuwa ga likitan yara a babban asibitin jiha, CHR, ko asibitin uwa da yaro, ko asibitin Referans. Ƙwararrun likitocin gaɓɓai kaɗan ne, sun fi yawa a Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, na yara kuwa a Afirka duka ƙalilan ne. Sai a 2019 aka kafa ƙungiyarsu ta nahiya, PAFLAR. Amma likitan yara mai lura na iya gano cutar ya fara magani. Ku taimaka masa. Ku ɗauki yaron bidiyo da waya lokacin da ya tashi da safe. Idan da masassara, a auna ta safe da yamma a rubuta.

Ku sani kuma ba wani gwajin jini guda da ke cewa ga ta. Gwajin amosanin da ake yi wa manya ba ya nuna komai a mafi yawan yara masu cutar, hoton ƙashi ma a watannin farko lafiya lau yake fitowa. Uba ya biya kuɗin awo, takarda ta fito ba komai, sai ya ce ai ba ciwon asibiti ba ne, a koma na gida. A nan ake rasa yara da yawa. Awon na kore sauran cututtuka ne, hannun likita da labarin uwa su ke kama wannan. Tun 2006 yara ƴan ƙasa da shekara biyar na da magani kyauta a asibitocin gwamnatin Nijar, a 2024 kuma aka rage kuɗin ganin likita da na awo da rabi. Duk da haka ciwo ne mai cin kuɗi a hankali, gara dangi su san haka tun farko su sa hannu.

Ba a kai ga maganin da ke tumɓuke cutar ba, amma akwai masu kwantar da ita har yaro ya yi shekaru ba alama, wasu ma ta tafi ke nan. Ana farawa da masu rage kumburi irin ibufurofen, gwargwadon nauyin yaro, bayan ya ci abinci. A bazarar Maraɗi a kula da ba shi ruwa sosai, don irin waɗannan magunguna na wahalar da ƙodar da ba ta samun ruwa. Idan gaɓa ɗaya ce ko biyu, likita na iya yin allura a cikin gaɓar kanta. Na san yadda mutanenmu ke tsoron allura a ƙafar yaro, amma wannan a hannun gwani tana sa gwiwa ta sace ta miƙe har watanni.

Idan gaɓɓan da yawa, ginshiƙin magani shi ne metotireksat. Sau ɗaya ake shan sa a mako. A mako, ba a yini ba: shan sa kullum na kashe mutum. A zaɓi rana guda, a ce Juma'a, kowa a gidan ya sani. Yana ɗaukar wata ɗaya da rabi zuwa uku kafin a ga aikinsa, kada a yanke ƙauna a mako na biyu. Ana haɗa shi da folik asid, ana awon jini da na hanta lokaci-lokaci. Ba ya shiri da Bactrim, wanda ake saye barkatai don zawo da tari, kuma kafin a ba yaron maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida da damina, ko allurar rigakafi da ɗigon baki, a tambayi likitansa. Metotireksat na lalata ciki, saboda haka budurwar da ke shan sa, idan maganar aure ta taso, likita ya kamata ya fara ji, don a dakatar ko a sauya tun kafin ta ɗauki ciki. A ƙasar da ake aurar da ƴan mata da wuri wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai sababbin allurai masu toshe saƙon da ke hura kumburin. Amurka ta amince da etanasef ga yara a 1999, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa adalimumab cikin jerin magungunan da ya wajaba yara su samu. Sun sauya rayuwar yara a inda ake samun su. Suna da tsada ƙwarai, sai an ajiye su a firji, kuma dole a yi gwajin tarin fuka kafin a fara.

Abin da ya fi kusa da hannun talaka shi ne wanda ya fi cutar da shi: deksa da firedinizon na masu tallan magani a faranti da bakin kasuwa, waɗanda wasu ƴan mata ke sha don ƙiba. A ba yaro mai kumburin gaɓa, kwana biyu ya miƙe yana gudu, kumatu su cika, a ce an dace da magani. Bayan watanni tsawonsa ya tsaya, ƙashinsa ya yi taushi, yanar ido ta fito, kowace cuta ta same shi a buɗe. Idan abin da ke damun sa tarin fuka ne ko mugunya, an ƙara musu ƙarfi. Idan sankarar jini ce, an ɓoye ta ga mai awo. Likita ma na ba da irin wannan magani, amma da ma'auni da wa'adi. Wanda ya riga ya daɗe yana ba ɗansa, kada ya tsayar rana ɗaya, hakan ma haɗari ne. A kai wa likita ya rage a hankali.

Maɗori kuwa gwanin karaya ne, ba mai musun wannan. Amma ɗaure gaɓa mai kumburi da karare makonni shi ne hanya mafi sauri ta ƙagar da ita har abada. Tsaga da ƙaho da sakiya a kan gwiwa na buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa. Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti ba, a haɗa su.

Rayuwar yau da kullum

Yaro yana girma ne a kan gaɓɓan nan, shi ya sa ɓarnar ta fi ta babba. Gwiwar da ta daɗe da kumburi na jawo jini da yawa, sai ƙafar ta fi ƴar'uwarta tsawo, cinya kuma ta tsotse don ba a mora ta. Yaro na lanƙwashe gaɓa don a nan yake jin sauƙi, jijiyoyi su gajarce a haka, wata rana a nemi miƙewa a rasa. Muƙamuƙi idan ya kamu haɓa ba ta girma, buɗe baki da tauna su yi wuya. Ga ƙarancin jini, ga rashin cin abinci, ga gajiyar da ba a gani da ido.

Ku dubi yininmu yadda yake, kusan duk a ƙasa muke yin sa. Masai na tsuguno ne. Cin abinci a tabarma. Makarantar allo a tanƙwashe ƙafa, sa'o'i. Wanki, wanke-wanke, shara da gajeriyar tsintsiya, duk a duƙe. Yarinya kuma ga daka, ga tallan da za ta zaga Zariya da shi a ka, ga jarkar ruwa. Yaron Jiratawa ana jiran sa a lambu ya yi ban ruwa ya tsinki zogale. Wanda wuyan hannunsa ya kumbura taɓarya azaba ce gare shi, wanda wuyansa ya kamu bai kamata a ɗora masa kaya a ka ba sam. Idan ya kasa sai a ce sangarta ce, a haɗa masa da bulala. Wannan ya fi ciwon ciwo. Almajirin da ke nesa da uwarsa kuwa ba mai lura da safiyarsa sai malaminsa, nauyin na wuyan malam.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Kafinta ko mai walda na iya yin kujera mai rami a ɗora a bakin masai. A ba shi ƴar kujera a makarantar allo da wurin cin abinci. A naɗa tsumma a jikin alƙalami ya yi kauri don yatsu su riƙe. Mai gyaran takalmi ya ƙara wa na gajeriyar ƙafa tudu gwargwadon yadda likita ya auna. Da asuba a dafa ruwa mai ɗumi ya yi wanka da alwala, a ba shi lokaci ya motsa gaɓɓai kafin a ce ya fita. A salla, shari'a ta sauƙaƙa wa wanda tsayuwa ko sujada ta gagara ya yi a zaune, a koya masa haka ba tare da kunyatarwa ba. A je a sami maigidan lakwal da malamin aji a yi musu bayani: makarar safe ba raini ba ce, kada a sa shi durƙuso ko tsallen kwaɗo, a bar shi ya miƙe ya taka idan zama ya yi tsawo. Kada a cire shi daga karatu. Yaron da jikinsa ba zai ɗauki noma da dako ba, karatu da sana'ar hannu mai sauƙi su ne gonarsa.

Kuskuren masu tausayi shi ne kwantar da yaro. Gaɓar da ba ta motsi ƙagewa take, tsokar da ba ta aiki shanyewa take. A bar shi ya yi wasa, ya hau keke, ya tsaya da kansa idan ya gaji. Iyo na da kyau ga gaɓɓai, amma ban da kududdufi da tabki saboda tsargiya. Masu gashin ƙashi na asibiti za su nuna wa uwa motsin da za ta riƙa yi masa kullum. Kada a sa matashi ƙarƙashin gwiwa da dare, daɗinsa na ɗan lokaci ne, lanƙwasa yake koya mata. Kwanciya rubda ciki na ɗan lokaci kowace rana na taimaka wa ƙugu da gwiwa su miƙe. Abinci kuwa ba wanda aka hana shi. Nono dafaffe, wake, ƙwai, zogale, kifi, duk abin da gida ya iya.

A kula da zuciyarsa ma. Yara na da tsokana, "gurgu" da "tsoho" ba sa wuyar fita bakinsu, kuma budurwa na jin abin da ake raɗawa game da aurenta. A gaya mata gaskiya: masu wannan cuta na aure, suna haihuwa, suna aiki. Wasu na rabuwa da ita kafin su girma, wasu na shiga girma da ita suna shan magani, kuma abin da ya fi raba wanda ya nakasa da wanda ya tsira shi ne lokacin da aka fara magani.

Saboda haka, iyaye da malamai da ma'aikatan CSI: gaɓar da ta kumbura da zafin jiki har yaro ya ƙi takawa, a kai shi yau. Wadda ta kumbura ba faɗuwa ba targaɗe, ta haura mako biyu, ko ɗingishin safe da ke dawowa kullum, a nemi likitan yara cikin makon nan. Ku tafi da kwalayen duk maganin da ya sha, har da na kasuwa, kada ku ɓoye ko ɗaya, kuma kafin ku fito ku tambayi ranar da za a duba masa ido.